Zannuwan Masu Jego

Fagge, daren Laraba

Yau muka auna kayan tafiya a asibitinmu na Sabon Gari. Jibi za mu tashi zuwa ƙasar waje, sansanin 'yan gudun hijira, ga shi kayan sun wuce nauyin da jirgi ya yarje mana. Dakta Musa, shugabanmu, ya dubi ƙunshin zannuwan da na roƙo wajen 'yan kasuwar Kwari, ya ce, "Hajiya, magani ko atamfa? Ba biki za mu ba."

Aka yi dariya. Ni ban iya musu ba. Na dai ce, "Dakta, na daɗe ina karɓar haihuwa. Matar da ta gudo da zani ɗaya, in ya ɓaci, da me za ta fita? Da me za mu naɗe jaririn?"

Sai Sista Rahila ta zuge akwatinta, ta fidda rabin kayan sawarta, ta ce, "Mama, zuba nan. Wa zai kalle ni a can?" Sauran ma suka bi.

Allah Ya yafe mini in na kunyata Dakta gaban yaransa. Gobe zan ba shi haƙuri. Amma zannuwan za su tafi.