Shanun Kawu Tambaya da Kwamfutar Laburare

Gusau,
14 ga Oktoba, 1999.

Zuwa ga Yayana Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Wasila da yara. Ya karatu, ya kuma sanyin Ingila? Allah ya ƙara lafiya, ya dawo mana da ku cikin nasara. Mu nan lafiya lau. Inna ta samu sauƙin ƙafar, Hussaina kuma ta sauka, an samu namiji. Gero ya yi kyau a Kwatarkwashi, har an fara kai damma gida.

Yaya, abin da ya sa na rubuto ya hana ni sukuni. An kawo mana kwamfuta a laburaren da nake aiki, an jona ta da layin waya, wai Intanet. Shugabanmu Malam Shu'aibu ya ɗora ni a kanta, in riƙa nemo wa masu karatu abin da babu a littattafanmu. Shi kam ji yake da ita kamar sabuwar amarya, ni kuwa tun farko hankalina bai kwanta ba. Littafi ka san wanda ya rubuta shi, malami ka san wurin wanda ya yi karatu. Wannan kuwa kana tambaya sai amsa ta faɗo, ba ka san bakin wa ta fito ba.

To, labari ya kai ƙauyen su Inna, Kekun Waje, cewa Ummulkhairi na da injin da ya san komai. Sai ga Kawu Tambaya, ƙanen Inna, da sandarsa har cikin laburare. Ciwon nan na baki da kofato, boru, ya shiga garkensa, kuma ka san shanun gadon Inna suna ciki. Na ce ya yi haƙuri, tunda malamin dabbobi ya yi alkawarin zuwa rugarsu ranar kasuwa. Amma Malam Shu'aibu ya ga damar nuna bajinta, ya tara mutane, ya ce in rubuta wa kwamfutar sunan ciwon da na ƙaramar hukumarsu, Bunguɗu. Har da tambayar Kawu shanu nawa gare shi! Kai ka taɓa jin makiyayi ya faɗi yawan shanunsa? Kawu ya ce na Allah ne, ya fara kallon ƙofa.

Da amsa ta fito, Malam Shu'aibu ya ce in fassara da ƙarfi kowa ya ji. Ina karantawa ina juyawa da Hausa, ban ankara ba sai na ji bakina yana cewa idan ciwon ya ɓulla, a sanar da hukuma, ta zo ta harbe garken duka ta ƙone. Sai da na kai ƙasan shafin na ga ashe dokar can wajenku ce. Na yi bayani har na gaji, amma Kawu wayar da ta bi bango ta fita waje kawai yake kallo. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗiyata, ki rantse min da Allah ba wanda yaj ji abin ga da kit tambaya, sai in zamna."

Yaya, na kasa. Tambayar nan ta bi waya ta tafi wani wuri, wani abu ya karɓa ya amsa. Wa ke zaune a can? Yana ajiyewa ko yana mantawa? Malam Shu'aibu ya yi dariya ya ce ba kowa, amma da na matsa masa, shi ma bai sani ba. Na ce wa Kawu ina zaton ba wanda ya ji. Ya ce zato ba ya tsare saniya, ya ɗauki sandarsa.

Da malamin dabbobi ya isa rugar, sai turaku ya tarar. Kawu ya kora garken, masu ɗingishi da marasa cin ciyawa duka. Wani direba ya ce ya gan su bayan Tsafe sun nausa daji, kuma maruƙa biyu sun faɗi a hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ban iya kallon kwamfutar nan da daɗi.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi da na rantse masa, ita da ta ciyar da miskinai goma na kaffara a madadina. Don Allah, kai da kake inda ake ƙera abin nan, ka bincika mini gaskiya: akwai mai sauraro ko babu? In babu, zan hau mota in bi sawunsa da Alƙur'ani a hannu, ko sauran za su tsira.

Ka gaida Wasila da Lukuman da Halimatu Sadiya. Inna da Hussaina suna gaishe ku. Kada ka jinkirta amsa.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi.