Ramin da Ya Hana Rifkatu Zuwa Biki

Daren Asabar, Lafiya

Sai yau Rifkatu ta iso, bayan bikin ƙaninta ya watse. Tun safe na shirya mata faɗa. Ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo min wayarta.

"Mama, ga abin da ya riƙe ni."

Hoton wani ƙarfe ne mai ƙananan ramuka, kamar kan famfon feshin gonarmu ta Kwandere. Ta ce ta nan gas ke shiga injin tashar lantarkin da take aiki, injin da ya fi ɗakina girma. Kowane rami sai ta hura masa iska ta auna. Ɗaya ya fi sauran sakin iska. Da an ɗaura ƙarfen haka, wuta za ta ci gefe guda ta ƙona injin, garuruwa su kwana a duhu. Ta tsaya har aka gyara.

Na ce, "Ramin da ko tsinken tsintsiya da ƙyar zai shiga?"

"Shi fa, Mama."

Yarinyar da na goya ke nan. Na tashi na ɗumama mata tuwo. Yanzu tana barci a gadona, na kasa daina kallon hannayenta.