Faretin Nonna Nives

Bur Dubai, 9 ga Fabrairu, 2019

Zuwa ga Yayata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Maharazu da yara. Yaya ƙafar Inna? A ce mata ta daina ɓoye ƙwayoyin maganinta a ƙarƙashin katifa, daga nan ma ina hangenta.

Kin ce saƙon waya ba ya ƙosar da ke, to ga takarda. Na bar asibitin da nake, na samu aikin jinya a gida. Wata tsohuwa ce 'yar Italiya, sunanta Nives, amma kowa Nonna yake ce mata, wato Kaka. Ta haura casa'in, kuma bara ta karye a ƙugu. Ɗanta Etore ne ya ɗauke ni, mai sayar da tayil a Ras Al Khor. Mutumin kirki ne, sai dai tun faɗuwar uwarsa tsoro ya shige shi. Sharaɗinsa guda ne: ta zauna a keken marasa lafiya, kada ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Na ce a raina wannan ai aikin 'yar gidan Inna ne. Kin san yadda aka rene mu, babba ba ya miƙa hannu yaro na zaune. Ta kalli kofi, na riga ta. Ta nemi takalmi, na durƙusa na saka mata. Ina jiran sa albarka, Yaya, sai tsohuwar nan ta jefe ni da silifas! Da gurgun Turancinta ta ce ita ba gawa ba ce da zan riƙa juya ta, kuma duk abin da na ɗauko mata ƙarfin ƙafarta nake ragewa.

Na sauka a fusace wurin Abiba, 'yar Zangon Kumasi mai gyaran gashi a ƙasan benenmu. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce khalas, wato shi ke nan, ladabin Kano zai kashe baiwar Allah. Haushi na ji, amma gaskiyarta. Likita ma cewa ya yi ta riƙa takawa kaɗan-kaɗan, ɗan ne ya toshe kunne.

Yanzu ina koyon zama da hannu a cinya ina kallon tsohuwa tana fama da maɓallin rigarta. Wallahi bai taɓa zuwa mini ba cewa rashin taimako zai fi taimako wuya.

A gaishe da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Wasila

Bur Dubai, 21 ga Maris, 2019

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zafin bana bai takura muku ba, kuma zazzaɓin 'yarki Ramlat ya sauka. Takardarki ta iso, zan amsa ta, amma fara jin wannan.

Na gano dalilin da ya sa Nonna ke son ƙafarta. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus sun mamaye garinsu, wani ƙaramin gari a gindin duwatsu. Maza suka hau dutse suna yaƙin sunƙuru. Waye zai kai musu abinci da harsashi da labari? 'Yan mata. Ita tana budurwa, ta hau kekenta, kwandon dankali a gaba, harsasai a ƙarƙashin dankalin, saƙo a naɗe cikin gashinta. In ta zo shingen sojoji sai ta yi musu murmushi kamar wadda ba ta san komai ba.

Su biyu suke aikin, ita da ƙawarta Iride. Ita takan kai kaya bakin wata gada, Iride ta karɓa ta hau da su. Rannan aka kama Iride. Sun yi mata abin da ba zan iya rubutawa ba, don ta faɗi wanda ke miƙo mata kaya. Ba ta faɗa ba. Suka harbe ta, suka bar gawarta a dandalin kasuwa don a tsorata. Washegari Nonna ta ɗauki kekenta ta yi hanyarta, ta haɗa da ta Iride.

Da aka kori 'yan mamaya sai aka shirya faretin nasara. Ta goge takalminta ta zo. Kwamandansu ya ce mata ba za su shiga sahu ba, wai mutanen gari za su ce 'yan iska ne, tunda sun yi cuɗanya da maza a kan dutse. Aka ba su furanni aka ce su tsaya gefen titi su riƙa jefawa. Har mutumin da ya shiga ƙungiya ana jibi za a gama yaƙi ya yi maci, ita tana gefe. Daga ranar ba ta sake zuwa bikin ba. Tana ba ni labarin, idonta a bushe, ni ce nake ta sharɓe hanci.

Ranar ashirin da biyar ga Afrilu suke tunawa da 'yancinsu. Likita ya hana ta hawa jirgi saboda zuciyarta, don haka ta ce a nan za ta yi faretinta, a bakin ruwa, daga kasuwar yadi zuwa tashar abra, jiragen fiton nan na katako. Da ƙafarta, ba a keke ba. Ta ce ba ta da tabbacin wani Afrilun. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kullum bayan karin kumallo muna atisaye a barandar bene.

Ban ɓoye wa Etore ba. Ya yi ja wur, ya ce ranar da ta faɗi in haɗa kayana, kuma kin san bizata a hannunsa take.

Yanzu ga amsarki. Kin ce in bi mai biyana, in rufa wa kaina asiri, don dama a unguwa ana ta tambayar me bazawara take yi a Dubai. Yaya, ki ce musu kashin tsofaffi take kwashewa, da shi ake sayen maganin Inna. Ko a jikina, an tsikari kakkausa. Irin bakinsu ne ya tsayar da Nonna a gefen titi, ni ba zan zama mai tsayar da ita karo na biyu ba. Ina jin tsoro, ba na musu. Amma komai ta fanjama fanjam.

Ki sa ni a addu'a ko da kina fushi da ni.

Taki mai taurin kai,
Wasila

Bur Dubai, 26 ga Afrilu, 2019

Yaya Murjanatu,

Amincin Allah ya tabbata a gare ku. Ina fata kowa lafiya, da shirye-shiryen azumi. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya da sassafe, kafin rana ta yi zafi, muka fita. Ta ɗaura jan ƙyalle a wuya, ta shafa jan baki, ta ƙi sanda. Abiba ta rufe shago ta zo da ma'aikatanta, wata 'yar Filifin da wata 'yar Habasha. Nonna ta jera mu bibbiyu kamar soja. Ba ganga, ba tuta, wanda ya gan mu cewa zai yi motsa jiki muka fito. Masu shaguna suna ɗaga ƙofofi, ko kallo ba mu ishe su ba.

Ta yi nisa fiye da yadda ta taɓa yi. Muna hangen tashar sai ƙafar hagu ta ƙi, ta zube a kan gwiwa. Jikina ya zabura kafin hankalina, sai ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Na tsaya. Na duba da ido, ƙugun bai goce ba, gwiwa ce ta goge. Na mayar da hannuwana baya na damƙe su. Ni Wasila, 'yar Inna, tsohuwa a ƙasa ina tsaye! Hawaye kawai nake yi.

Ashe Etore ya biyo mu da keken marasa lafiyar. Ya taho a guje yana yi mini ihu, yalla yalla, wato maza maza, in ɗaga ta. Uwar ta faɗa masa wata magana da yarensu, gajeriya, sai ya tsaya cak. Ta kama ƙarfen bakin ruwa, ta ja jikinta a hankali, ta miƙe. Jini na bin ƙwaurinta ta ci gaba. Wani tsohon matuƙin abra ya ga abin da ke faruwa, ya tashi tsaye a cikin jirginsa ya dafa ƙirji har ta iso.

Etore ya cika alkawari. Da yamma ya ce in nemi wani aikin kafin ƙarshen watan gobe. Bai iya kallon idona ba, ni kuwa na kalli nasa. Ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Abiba ta ce akwai katifa a ɗakinta, kuma tsofaffi ba su ƙare a garin nan ba. Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tun da muka jeru na lura kowa da abokiyar tafiya, ita kaɗai ce a sahun gaba. Na matsa damanta don in tare ta in ta yi tangaɗi, ta kore ni baya. Na sake matsawa, ta sake korata. Na ɗauka taurin kan ne. Sai da muka isa tashar, ta zauna tana haki, ta kama hannuna da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in yi haƙuri da korar da ta yi mini, wurin ba nata ba ne da za ta bayar. Da mai shi, Iride ce ke tafiya a nan.

A gaida Inna, a gaida Malam da yara. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ƙanwarki da ba ta yi nadama ba,
Wasila