Kiɗan Gayyarmu a Bakin Soja

Ikko, 1965

Zuwa ga ƙanena Abarshi, Tsohon Birnin Gwari.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina Furera da yara? Ni lafiya lau, ƙafar ce kawai, kuma ba ta hana ni gadi.

Jiya wurin fareti na ji badujalar soja tana busa kiɗan gayyarmu, wanda Baba ya koya mana mu biyu kaɗai. Wai Saje Andrawus ne ya ƙago shi, har an ba shi lambar yabo. Andrawus ɗin nan, ba shi ya kwana uku a zaurenka bara ba? Ni dai ban ce kai ne ka koya masa ba.

Amma gangar Baba, ka ba direba ya kawo mini. Allah ya bar zumunci.

Yayanka,
Yusha'u