Wayar Birkin Aro

Litinin, 6 ga Mayu, 1968

Babur ya sake ɗigar da baƙin mai a tsakar gida. Na zuba toka na share, kafin la'asar ya sake. Malam, mijina, ya ce baburan Ingila haka suke, ranar da ka ga ya daina ɗiga, to man ne ya ƙare. Ya yi dariya. Ni ban yi ba, ni ke shara.

Amma ina son ƙararsa, ba zan ɓoye wa takarda ba. Babura bakwai ne a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Yarabawa, nakan gane nasa tun daga kwanar Mokola, sai in ajiye littafi in gyara ɗankwali. Jarumin littafin da nake karantawa a kan farin doki yake dawowa gida. Nawa a kan wannan baƙin, da kwandunan goro biyu a baya, da taɓo har gwiwa. Manniru. Na rubuta sunansa, tun da nan ba mai ji.

Alhamis, 9 ga Mayu

Wa'adin takardar lafiyar babur ya cika. Ni na gano, don takardunsa a gwangwanina suke tare da littattafaina. Shi ajami yake karantawa, ni ce na yi aji huɗu a Zariya.

Da can ba mai tambayar takardar. Tun da aka fara yaƙin nan, shingen soja uku ne kafin Shagamu, kowanne sai ka nuna. In babu ita ba tafiya, kuma Alhaji Babandi, maigidansa a harkar goro, ba zai jira shi ba, wani zai ba hanyar.

Litinin, 13 ga Mayu

An kayar da shi a wurin masu duba ababen hawa. Ya shigo ya miƙo mini farar takarda ko zama bai yi ba. Na yi ta haɗa Turancin a hankali. Fitila ba ƙarfi. Sarƙa ta saki. Tayar gaba ta suɗe. Na ƙarshe an ja masa layi biyu: wayar birkin gaba.

Wai sufeton, wani Bayarabe mai farar riga, ya matsa birkin sau ɗaya, ya leƙa, ya ce, "No good, Malam." Malam ya ce masa shekara shida yana hawa bai taɓa faɗuwa ba. Mutumin ya ci gaba da rubutunsa.

Da ya tafi masallaci na je na duba. Ashe wayar ba guda ba ce, siraran ƙarafa ne aka murɗa kamar igiyar guga. Kusa da hannu duk sun tsittsinke sun yi tsaye. Huɗu suka rage. Ɗaya ta soke ni a yatsa.

Talata, 14 ga Mayu

Babu wayar a Mokola, babu a Dugbe. Uzoma, wanda ke sayar da kayan babura kuma yake yi masa gyara, ya tafi tare da 'yan uwansa shekara biyu da suka wuce. Tela ne a shagon yanzu. Baba Lasisi makanike ya ɗaure sarƙa ya wanke filogi, wayar kuwa ya ce sai jirgin ruwa ya zo. Yaushe, bai sani ba.

Ban iya karatu ba yau. Shafi ɗaya sau uku.

Juma'a, 17 ga Mayu

Murja, matar Mijinyawa maƙwabcinmu, ta shigo ta ƙofar da ke tsakanin gidajenmu don in ci gaba da karanta mata. Ta ga fuskata, na gaya mata. Dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Zulai, har yanzu ke baƙuwa ce a Sabo. Wa ke sayen sabon abu don sufeto? Aro ake yi."

Wai duk wanda ranarsa ta zo, sai 'yan uwa su haɗa masa: wannan fitila, wancan taya. A je a ci jarrabawa, a dawo a kwance, kowa ya karɓi nasa. Fitilar Gwadabe mai albasa sau huɗu tana cin jarrabawa a kan babura huɗu. Baburin mijinta kuma da namu uwa ɗaya uba ɗaya ne, wayarsa sabuwa ce, ta ƙarshe da Uzoma ya sayar kafin ya tafi.

Na ji sanyi a raina. Muka karanta babi biyu. Ta yi kuka inda aka raba masoyan, kamar kullum.

Lahadi, 19 ga Mayu

A ƙofar gida suka yi aikin, ina bayan ƙyaure ina jin su. Mijinyawa ya ɗaga tsohuwar wayar ya ce, "Manniru, wannan birki ne ko gashin bakin tsoho?" Malam ya ce, "Kai dai kwance taka, surutu ba ya ɗaure noti."

Don kada baburinsa ya zauna tsirara, Mijinyawa ya ɗaura tamu a nasa. Na ji ya ce, "Kwana ɗaya ne. Masallaci kawai za ni, shi ma da ƙafa."

Litinin, 20 ga Mayu

Ya ci. Wai sufeton ya daɗe yana kallonsa kafin ya buga hatimi.

Da la'asar aka mayar wa Gwadabe fitila, aka mayar da taya. Saura waya. Malam ya ɗauki sifana zai fita, jibi kuma yana da tafiya Shagamu. Siraran ƙarafa huɗun nan suka tsaya mini a ido.

Na ce, "Malam, ka bar ta har ka dawo."

Ya ce, "Kayan aro? Kin taɓa jin an kwana biyu da shi?"

Na ce hanyar Shagamu duk gangare ce, ga damina, ga manyan motocin soja. Mijinyawa kuwa a gari yake. Na yi kuka, ba na ƙarya ba. Ya tsaya da sifanar a hannu, sannan ya fita. Ya dawo ya ce Mijinyawa ya ce haba, ba komai.

To me zai ce dama?

Na yi tuwo da miyar kuɓewa, na ci da yawa.

Laraba, 22 ga Mayu

Ya tafi bayan asuba. Sau biyar ya buga kik kafin ya tashi, sanyi ba ya yi masa. Ruwa tun hantsi.

Alhamis, 23 ga Mayu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maigidan Mijinyawa ya aike shi Ojoo ya tari motar hatsi. Mijinyawa bai ce masa babu birki ba. A dawowa, a gangaren Mokola, babbar mota ta tsaya a gabansa. Ya matsa, wayar ta tsinke. Birkin baya kaɗai bai riƙe ba, ƙasa a jiƙe. Ƙafarsa ta shiga ƙarƙashi.

Da azahar na ji muryar Murja ta bayan katanga. Ban taɓa jin irinta ba. Na tsaya a bakin ƙofar tsakaninmu da hannuna a kan sakata, na kasa ja.

Juma'a, 24 ga Mayu

Malam ya dawo lafiya. Tun kafin ya sauke kwanduna yana ba ni labari: bayan garin Ishara akuya ta faɗo masa a gangare, ya matsa birki, babur ya tsaya cak. "Zulai, kin yi gaskiya, da tsohuwar ce..." Sai ya ga fuskata.

Daga asibiti ya dawo bai ci komai ba. Bai ce mini ke ce ba. Da ma ya faɗa.

Talata, 28 ga Mayu

Asibitin cike yake da sojojin da aka kawo daga bakin daga, wai har baranda. Likita na zuwa duba Mijinyawa, amma ƙafar ta kumbura ta yi baƙi.

Na shiga wurin Murja da kunu. Mata cike da ɗaki, kowa na cewa ƙaddara ce. Ita ma haka ta ce. Ta san wayarmu ce a baburinsa, duk Sabo ta sani, ba wanda ya ga laifi, aro ne kamar kowane aro. Abin da ba ta sani ba shi ne wanda ya ce a ƙara kwana biyu.

Da mata suka ragu ta ce in karanta mata ko shafi ɗaya, zuciyarta ta huta. Na ce na manta littafin. Yana cikin zanina.

Asabar, 1 ga Yuni

Sun yanke, ƙasa da gwiwa.

Laraba, 5 ga Yuni

Na gaya mata. Tana tankaɗe, na tsuguna na faɗa duka, har kukan da na yi wa Malam.

Ba ta daina tankaɗen ba. Can ta ce, "Kin ga wayar da idonki?"

Na ce e.

"Nawa suka rage a ciki?"

Na ce huɗu.

Ta kaɗe rariya ta shiga ɗaki. A littattafai a nan ake rungumar juna ko a yi rantsuwar gaba. Ba ko ɗaya. Na jira, na tashi na dawo. Ban ji ta sa sakata ba, amma ƙofar a rufe take.

Litinin, 10 ga Yuni

Mijinyawa ya aiko daga asibiti: Manniru ya riƙe wayar, shi ba shi da abin yi da ita. Malam ya zauna a gefen babur ya daɗe. Shi ke kai musu cefane yanzu.

Talata, 18 ga Yuni

Gwadabe ya zo da hantsi. An kayar da shi jiya a wurin sufeto, shi ma wayar birki. Gobe zai koma. Daga bayan ƙyaure na ji yana cewa, "Kwana ɗaya ne, Manniru. Ka ara mini wayar, ka ɗaura tawa kafin nan, ba ta mutu duka ba."

Fitilar mutumin ce ta ci mana jarrabawa, kuma ba a hana aro a Sabo. Na ji ya taɓa akwatin sifanu.

Shekara uku da aurena ban taɓa yi wa namijin waje magana ba. Sai na ji muryata tana cewa, "Malam Gwadabe, ina kwana. Ba za a kwance ta ba. Taka kuma ko sufeto ya buga hatimi goma, tsinkewa za ta yi. Ka jingine baburin har jirgi ya zo."



Gwadabe ya ce, "Manniru, ashe baburin na uwargida ne?"

Malam ya ce, "Ka dai ji abin da ta ce."

Ya tafi ba sallama. Kafin la'asar na san duk unguwa ta ji, matar Manniru mai littattafai ta yi magana ta ƙofa. Malam bai yi mini faɗa ba, bai kuma kalle ni ba. Na zuba gishiri sau biyu a miya.

Ba halina ba ne. Wataƙila rashin barcin kwanakin nan ne ya sa. Gobe in Allah ya kai mu zan ba Malam haƙuri a kan ɗaga murya.

A kan muryar kawai.