Irin Hatsina a Bakin Kaji

Yamai, daren Talata

Da safe na shiga labo ɗina, ɗakin bincikena a jami'a, na tarar da masu fenti a ciki. Kwalaben irin hatsin da nake tarawa tun ina ƙaramar malama, ƙauye-ƙauye, daga hannun tsofaffin mata, babu ko ɗaya.

Na wuce biro, wato ofishin Isufu, sabon shugaban sashenmu, wanda ni na koya masa aikin nan. Ko tashi bai yi ba.

"Farfesa, ai kin kusa ajiye aiki," in ji shi. "Ɗakin taro muke buƙata. Na ba gardi, mai gadinmu, ya kai wa kajinsa."

Kaji! Akwai irin da ko a ƙauyen da na samo shi ya ɓace. Na ce, "Isufu, ka san abin da ka zubar?" Wai in yi haƙuri, a ɗakin za su yi mini bikin karramawa.

Na ja mota har Kirkisoye, gidan gardin. Bawan Allah ya riga ya juye yawancinsu a roba guda, duk sun gauraye. Na durƙusa a tsakar gidansa, da furfurata, ina korar kaji, matarsa tana taya ni tsinta. Kwalabe kaɗan muka samu a rufe.

Ga su nan kan gadona. Ruwan farko na sauka zan shuka su a gonar ƙanwata a Tondibiya. Wallahi jami'ar nan ba za ta ƙara ganin ƙwaya ɗaya ba.