Malamin da Ya Juya wa Ummi Ƙeya

Zuwa ga Malama Hauwa, uwargidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Muna nan Potiskum yadda kika bar mu, sai tsufa da ya ƙaru da haƙuri da ya ragu. Na san wasu ne za su karanta wannan, ba ke ba. Su karanta. Wasunsu ma da su nake.

Maganar takwararki ce, Ummi, 'yar wajen autanmu Bukar. Kin tafi tana goye. Bayan ta iya magana sanƙarau ya kama ta, ya tafi da jinta. Yanzu da ido take ji. In mutum ya fuskance ta ya yi magana a hankali, a leɓensa take ɗaukar kalma. In ya juya, shi ke nan, ya rufe mata ƙofa.

Wannan zangon aka turo wa makarantarsu ɗaliban kwaleji masu gwajin koyarwa. An ce an horar da su kan sabon salo, wai aji na kowa da kowa, makaho da kurma da gurgu su zauna tare da sauran yara. Ban ƙi ba. Mu da muka riƙe aji a Damagum da Nangere ai haka muka tarar, suna ne kawai ba mu san yana da shi ba. Makamin da aka ba su kuwa shi ne wai taswirar tunani. Kwali ne, Malama. A zana da'ira a tsakiya a rubuta "ɗalibi", a ja kibiyoyi zuwa wasu da'irori, kowace nakasa da ɗakinta. Tawada ja da kore da shuɗi. In kika hango sai ki ce zanen gadon amarya ne.

Ranar da malamansu za su zo dubawa aka gayyace ni, tunda tsohon hedimasta kayan ado ne a irin wannan rana. Aka ba ni kujera a bayan aji. Aka ɗauko Ummi daga bencin baya inda take zama kullum, aka dasa ta a gaba don baƙi su gani.

Kwalin yaron da aka ba ajin su Ummi na rataye a gefen allo, na karanta da idona. Daga da'irar kurma kibiya ta tafi zuwa "a zaunar da shi gaba", wata zuwa "malami ya fuskance shi". Babu kuskure ko ɗaya. Sannan ya ɗauki alli ya fara darasin sassan shuka, shi ma da taswira, don an ce musu komai da taswira. Ya juya yana zana da'ira yana bayani. Yana jan kibiya yana bayani. Har aka kaɗa ƙararrawa allo yake yi wa magana, Ummi na gaba tana kallon ƙeyarsa.

Su kuwa masu manyan riguna, ɗaya yana ɗaukar hoton kwali da waya, ɗaya yana yaba kyawun kibiya. Babu wanda ya dubi yarinyar. Aka ba shi maki mai tsoka, aka tafa. Ban ga laifin yaron sosai ba, ɗan mutane ne daga Gadaka, abin da ake auna shi da shi ya kawo. Na ja babban masu dubawar gefe na gaya masa abin da na gani, ya yi min murmushin da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa, ya ce zamani ya canza. Mutumin da bai taɓa share wa ɗan aji ɗaya majina ba.

Na tuna ajinki a Nangere. In kina rubutu bakinki a rufe yake, sai kin ajiye alli kin juyo. Kikan ce wa masu gwajin da ake turo miki, "Allo ba ya zana jarrabawa, ku daina yi masa karatu."

Bukar ya buɗe littafin Ummi ya tarar da da'irori da kibiyoyi, ta kwafe su tsaf, har sun fi na malamin kyau. Ya nuna mata kalmar saiwa ya tambaye ta mece ce, ashe ba ta sani ba. Ya ce ya gaji, zai cire ta ta riƙa taya uwarta suyar awara a bakin kasuwar shanu. Na roƙe shi ya ba ni zuwa hutu.

Na zaunar da ita a zaure bayan la'asar, na fuskance ta, na fara. Ta zuba min ido, ta girgiza kai, ta miƙo yatsa ta taɓa gashin bakina. Shi fa, Malama, wanda kika yi ta mita a kansa tun muna Damagum kina kiransa tsintsiya, ni kuwa ina cewa da shi ake tsoron hedimasta. Ya rufe min leɓe, ba ta ganin komai.

Washegari na kira wanzami.

Da ta shigo ta gan ni ta yi dariya har da faɗuwa, ta ce, "Kaka, ka yi muni, na fasa aurenka." Na tsige ciyawa a gindin bango, na nuna mata ƙasanta, na faɗi kalmar a hankali. Ta kalli bakina, ta kalli ciyawar, ta ce, "Saiwa."

Bukar bai janye maganarsa ba tukuna. Amma yau ma da safe ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta, da la'asar kuma ina jiranta a zaure.

Abin da kika roƙe ni shekara da shekaru na ƙi, takwararki ta sa na yi da yatsa ɗaya. Da ma kin gani ki yi min dariyar ke ma.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya raya Ummi da ilimi mai amfani. Masu kwali kuma, Allah Ya juyo da fuskokinsu wajen yara.

Naki har mu iso,
Kakan Ummi